Nisan da ke Tsakanin Babban Duhu da Ƙofar Jami'a

Wanda ya tashi daga Babban Duhu, a ƙaramar hukumar Safana ta ƙasar Katsina, ya nufi gabas da hantsi, in Allah ya ba shi sa'ar abin hawa, kafin azahar zai iske kansa a Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya take tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Amma wannan 'yar tafiya da jiki ke yi cikin yini guda, ɗalibi shekara goma sha biyu yake yi yana yin ta, shida a firamare, shida a sakandare, kuma duk shekarar da ta zube daga ciki ba ta komawa mazauninta sai da wahala mai tsanani.

Ƙasar Katsina ba baƙuwar ilimi ba ce. Hasumiyar Gobarau shaida ce, haka kuma sunayen waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, balle Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu a cikinta. Sai dai fitinar 'yan bindiga da ta ɓullo daga Dajin Rugu ta faɗa wa Batsari da Safana da maƙwabtansu, ta kori mutane daga gonakinsu, ta mai da azuzuwa da yawa masaukin 'yan gudun hijira. Sa'an nan daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma ko da yake Allah ya kuɓutar da su cikin mako guda, tsoron da ya shiga zukatan iyaye bai fita tare da su ba. A Oktoba 2023 har ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma aka ɗauke daga gidan da suke haya.

Akwai wani abu da ya kamata masu hankali su tsaya su duba, wato yadda makarantar allo ta fi ta boko jure wannan musiba. Malamin allo, in hijira ta kama shi, sai ya naɗe buzunsa, almajirai su rataya allunansu, su ɗauki tawada da alƙalami. Duk zauren da suka sauka, da asuba za ka ji karatu ya tashi, kowane yaro daga ayar da ya tsaya, domin karatun a ƙirjin malam yake, shi ya san inda kowa ya kai. Ita kuwa ta boko, rayuwarta a ɗaure take da gini da rajista da zangon karatu da malamin da aka turo daga wani gari, wanda yake zuwa a kan babur ta hanyar da kowa ya san hatsarinta, alhali yana da iyali a gida. Ba na ganin laifinsa in ya nemi canjin wurin aiki. Amma ranar da ya tafi, da shi makarantar ta tafi, ko da kwanon rufinta bai motsa ba.

Ku dubi yaron da ya bar aji uku yana ɗan shekara takwas, ya dawo yana da goma sha biyu: ya fi bencin tsawo, kunya ta hana shi zama cikin ƙannensa, in kuwa aka tura shi gaba saboda girmansa, sai ya riƙa kwafe abin da ke jikin allo harafi bayan harafi, bai san abin da yake faɗa ba. Wannan yaro shi ne gobe za a nemi ya kawo kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, wadda tun 2015 aka daina yin ta da takarda, watakila kuwa ranar ce farkon ganinsa da na'urar. 'Yar'uwarsa ma ba a batunta, don galibi an riga an ɗaura mata aure.

Saboda haka, a ganina, duk sa'ad da hanya ta buɗe, wajibi ne a sa malami gaba da siminti da fenti. A zaɓi 'ya'yan Babban Duhu da Runka da Zakka, maza da mata, waɗanda suka kammala sakandare, hukuma ta ɗauki nauyinsu a Kwalejin Isa Kaita bisa sharaɗin su koma gida su koyar, a ƙara musu alawus na zaman ƙauye. A kuma keɓe ajin yamma ga manyan yaran da karatu ya wuce, inda za a fara daga baƙi da wasali, da Hausa tukuna, ba tare da an kunyata kowa ba. Malamin da mahaifiyarsa ke cikin garin, in mutanensa sun tashi, tare za su tashi, in sun sauka ya nemi inuwa ya kafa allonsa.