Kafin Ka Miƙa Masa Makullin Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Gwarzo, daidai Rijiyar Zaki, bayan an idar da sallar La'asar, ya san yadda wurin yake kacamewa. Motocin haya suna lodi, ɗaliban Jami'ar Bayero suna tsai da Adaidaita Sahu, tifofin yashi suna danno kai, mai kura yana neman inda zai raɓa da jarkokinsa. A cikin wannan hada-hada sai ka hango yaro ɗan shekara sha huɗu a kan babur, ya ɗauko ƙannensa uku daga Islamiyya, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Ko kuma saurayi da motar gidansu, ya cika ta da abokai, kiɗa na tashi. Ba mai waiwayawa. In ma an tanka, yabo ne: "Kai, yaron nan akwai hannu."

Hannun kam akwai shi. Yaro mai kaifin kai cikin mako biyu zai iya tayar da mota, ya sa giya, ya yi ribas, ya shige lungun da babansa ke shakkar shiga. Abin da ba a samu a mako biyu shi ne ido. Tsohon direba yana ganin ƙwallo ta gangaro titi zai ɗaga ƙafa daga totur, domin ya san akwai yaro a bayanta. Yana ganin Adaidaita ya rage gudu ba sigina, ya san fasinja aka hango, kuma yanzu za a sha gabansa. Ya san akuyar da ta tsallaka tana da 'ya'ya biyu da ba su tsallako ba tukuna. Wannan karatun hanya ce kaɗai ke koyar da shi, kuma ba ta koyarwa da gaggawa.

Mutanen tasha sun daɗe da gane haka. A da, wanda zai zama direban babbar mota sai ya yi shekaru yana karen mota. Shi ne wankin mota, shi ne ɗaure kaya da jan tamfol, shi ne dirowa da gudu ya sa waigi a bayan taya in an tsaya a kan tudu. Sai ya daɗe maigida zai ce masa ya tayar da inji ya ɗuma da asuba. Daga nan a bar shi ya gyara tsayuwa a cikin tasha. Wata rana, da hantsi, a miƙaƙƙiyar hanya, motar ba kaya, sai a ce masa, "Zo ka riƙe," maigida yana gefe, rabin idonsa a rufe kamar mai barci, alhali yana kallon kowane motsi. Tuƙin dare da lodi shi ne na ƙarshe. Manoman ƙasar Ungogo ma haka suke horar da san huɗa: ba a ɗaura wa sababbi biyu garma rana guda, sai a haɗa sabo da tsohon da ya san kunya.

Abin da Turawa suka yi shi ne suka mai da irin wannan horo doka, suka kira shi lasisin mataki-mataki. Masu binciken haɗurra a jihar North Carolina ta Amurka ne suka fara kawo shawarar a shekarun 1970, amma ƙasar New Zealand ce ta fara aiki da shi a 1987. Lardin Ontario na Kanada ya bi a 1994, jihar Florida ta buɗe wa Amurka ƙofa a 1996, kuma yau babu jihar Amurka da ba ta da wani nau'insa. Hujjarsu a lissafe take: a Amurka, idan aka auna da nisan tafiyar da aka yi, matashi ɗan shekara 16 zuwa 19 ya kusan ninka wanda ya kai 20 sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai.

Matakan uku ne. Na farko takardar koyo, wadda ba ta ba yaro damar tuƙi sai da babba mai lasisi a gefensa. A jihar New South Wales ta Ostareliya sai ya cika awa 120 a haka, 20 daga ciki da dare, kuma ana rubuta kowace fita a littafi. Na uku cikakken lasisi, wanda ba ya buƙatar bayani. Na tsakiyar shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne babu a tunanin yawancinmu.

A mataki na tsakiya an yarda yaro ya fita shi kaɗai, amma da takunkumi. A Kalifoniya, cikin wata 12 na farko, matashin da bai kai 18 ba ba zai yi tuƙi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba ba, ba kuma zai ɗauki fasinjan da bai kai shekara 20 ba, sai da babba a motar. A New South Wales akwai alamar harafin P, ja da farko sannan kore, da ake maƙalawa don kowa ya san sabon hannu ne. Birtaniya ba ta bi tsarin gaba ɗaya ba, amma tana da dokar da ke soke lasisin sabon direba idan ya tara maki 6 na laifi cikin shekara biyun farko, ya koma ya sake jarrabawa.

Me ya sa aka matsa wa wannan tsakiyar? Saboda abin da bincike ya yi ta nunawa ya saɓa wa abin da iyaye ke zato. Mu muna fargaba ne lokacin da yaro ke koyo, muna riƙe da birkin hannu muna salati. Alhali lokacin nan ba a cika samun mummunan haɗari ba, tunda akwai idon babba a motar. Haɗarin yana tashi ne a watannin farko da aka sake shi shi kaɗai, lokacin da tsoro ya fita amma gogewa ba ta shigo ba.

Dare kuwa bayaninsa a fili yake ga wanda ya san hanyoyinmu. Mota a kan gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowane daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta taka birki, an wuce tsawon motoci da yawa. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu. Yanzu ka haɗa wannan da tirelar da ta lalace a kan kwalta ba fitila, an zuba ganye a bayanta a matsayin alama, da mai keke sanye da baƙar riga, da direban da ya dallo maka fitila ya ƙi ragewa. Tsohon hannu ma addu'a yake.

Batun abokai ya fi dabara. Fasinja babba yana rage haɗarin matashi, sa'ansa kuwa ƙara shi yake, kuma duk ƙarin aboki ɗaya ƙarin haɗari ne. Yaron da ke tuƙa mahaifiyarsa asibiti a natse, shi ne dai zai take totur idan na baya ya ce, "Haba, wannan 'yar ƙurƙurar ce za ta wuce mu?" Wanda ya ga yadda samari ke wasa da motoci da babura ranar ɗaurin aure ko hawan Sallah ba ya buƙatar a kawo masa alƙaluma. Likitoci sun ce sashen ƙwaƙwalwar da ke taka wa mutum birki kafin ya aikata abu ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Malaman fiƙihu ma sun bambanta balaga da shiriyar hankali: ba a danƙa wa maraya dukiyarsa don kawai ya balaga, sai an jarraba shi an ga ya iya riƙo. In kuɗi sai an jarraba, ina ga ƙarfen da ke ɗauke da rayuka?

To mu ina dokarmu ta tsaya? Mutane da yawa ba su san Najeriya ma tana da nata matakan a rubuce ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka na shugabanta na farko, ita ke tsara lasisi tare da jami'an VIO masu duba ababen hawa da hukumar tattara haraji ta jiha. Ƙa'ida ta farko: wanda bai kai shekara 18 ba ba shi da izinin tuƙi, ko da kuwa a unguwarsu ne, ko da aiken cefane ne. Wanda ya kai, zai shiga makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, ya yi darasi 26, ya riƙe takardar koyo, ya maƙala jan harafin L gaba da baya, kuma kada ya fita sai da mai lasisi a gefensa. Bayan nan VIO su gwada shi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a haɗa da lambarsa ta NIN, sannan a ba shi katin lasisin. A tsarin da hukumar ta shimfiɗa, ɗan shekara 18 zuwa 25 duk shekara yake sabunta nasa, lasisin tuƙin haya kuwa sai an kai 26.

Ka ga a takarda ba mu yi baya sosai ba. Shekara 18 ma ta fi 16 ɗin Amurkawa hankali. Sai dai abu biyu. Na ɗaya, sabuntawa duk shekara ba ta hana ɗan 18 da ya karɓi lasisi jiya ya cika mota da abokai ya kama hanyar Zariya da tsakar dare yau. Na biyu, kowa ya san ana samun lasisin da mai shi bai taɓa ganin filin gwaji ba. Uban da ya biya aka kawo wa ɗansa kati har gida yana ganin gata ya yi masa. Ni a ganina ya saye masa takardar da za ta kare shi daga jami'i a shingen bincike, amma tifar yashi ba ta karanta kati.

Akwai kuma inda labarin Turawa bai kai ba. Yaronmu ba da mota yake farawa ba, da babur ne. Tun da aka hana acaba a birnin Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta zama sana'ar dubban matasa, kuma ba duka ne suka kai shekarun da doka ta yanka ba. 'Yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano da aka kafa a 2012, suna kamawa, amma ba za su tsaya a kowane lungu ba. Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: yaron nan shi ke ciyar da gidansu, in an hana shi me za su ci? Magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma tambayar ta mai mashin ce. Wanda ya ba ɗan shekara 15 Adaidaita, ya yanka masa balas ɗin da ba zai samu ba sai ya yi gudu ya yi aron hannu ya kai dare, shi ya zaɓa masa irin tuƙin da zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma a rahotonta na 2023 ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya ga shekarun waɗanda ke kwance da ƙarfe a ƙafa.

Tunda doka ta bar matakin tsakiya a buɗe, mai makulli ne zai cike shi, kuma ba ya cin ko sisi. Yaro ya kai 18, ya yi makaranta, ya ci gwaji da hannunsa. Madalla. Wata shidan farko mota ta kwana a gida kafin Magariba. Ba ɗaukar abokai, in ban da ɗan'uwa babba. Waya ta shiga aljihu, bel a ɗaure, mai babur kuma da hular kwano. Hanyoyin ma a bi su daki-daki: cikin unguwa tukuna, sannan Rijiyar Zaki zuwa Kabuga da hantsi lokacin da cunkoso ya lafa, inda doka ta ce kada a wuce kilomita 50 a awa cikin gari. Babbar hanya, inda iyakar ƙaramar mota 80 ce, sai kana gefensa sau da yawa. Ka fita da shi da damina ya ji yadda taya ke sulɓi a ruwan farko, ka fita da shi da hunturu ya ga yadda hazo ke haɗiye mota a gabansa. Ka sa shi ya riƙa faɗa maka abin da yake hangowa, daga nan za ka gane ko idonsa ya wuce bayan motar da ke gabansa. In ya karya sharaɗi, makulli ya dawo aljihunka na wata guda, ko mahaifiyarsa ta sa baki.

Zai yi fushi, zai ce abokansa duk an sake su. Wataƙila ma ya tuna maka ranar da ya gan ka kana amsa waya a kan sitiyari, ko ka bi ta hannun da ba naka ba don ka guje wa zagayen shataletale. Shekara goma sha takwas ya yi a kujerar baya yana kallon yadda kake tuƙi, kafin malamin makaranta ya same shi na darasi 26.