Aro ko mayarwa? Abin da doka ta ce kan zinariyar Asante

Mu 'yan kasuwa mun san bambancin aro da ajiya da jingina da kyauta. A duk cikinsu kaya na barin hannun mai shi, amma kyauta ce kaɗai ke sauya mallaka. To, haka abin yake a dokokin gidajen tarihi.

A shekarar 2024 kayan zinariya da azurfa guda 32 na masarautar Asante suka dawo Kumasi daga Landan, 17 daga gidan tarihi na V&A, 15 daga British Museum. Da yawansu sojojin Ingila ne suka kwashe su a yaƙin 1874 da harin 1896. Sai dai a takarda aro ne na shekara 3, wanda ana iya ƙara masa wasu 3. An ƙulla yarjejeniyar ce da Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, aka baje kayan a gidan tarihin fadar Manhyia.

Me ya sa aro? Dokar British Museum ta 1963 da wata dokar ta 1983 da ta shafi V&A sun hana waɗannan gidaje sallama kayan da ke rajistarsu, sai a 'yan wurare ƙalilan, amma sun yarje musu su ba da aro. Ke nan mai karɓa na riƙe da kaya, mallaka kuwa tana Landan. Abin da ke damun mutane da dama shi ne, sa hannu a takardar aro kamar amincewa ce cewa kayan kakanninka na wani ne.

Jamus ta bi wata hanya. A 2022 ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan tagullar Benin sama da 1,000, wasunsu suka ci gaba da zama a Jamus a matsayin aro daga Najeriya.

Darasin ya shafe mu. Duk mai tsohon takobi ko littafin hannu na gado da wani gidan tarihi ya nema, kada ya sake shi da baki. A rubuta sunan mai kaya, da kamannin kayan, da ranar mayarwa, da wanda zai biya in ya lalace ko ya ɓace, da magajin da zai karɓa. A kuma fayyace cewa aro ne, domin in babu takarda, bayan shekaru magada ne za su sha wahalar kawo hujja.