Yadda Ake Ƙidayar Kifi Mai Taurari

Makiyayi ya san shanunsa ɗaya ɗaya. Ko da garke ya kai ɗari, in saniya guda ta ɓace, kafin magariba ya gane, don ya san launin kowace da irin ƙahonta. To, amma wanda dabbobinsa ke cikin teku fa, yau suna nan, gobe sun yi tafiyar mil ɗari, ƙaƙa zai ƙidaya su? Wannan ita ce wahalar da ta daɗe tana damun masanan da ke ƙoƙarin tsare wani kifi kada ya ƙare.

Kifin nan dangin shak ne, kuma duk cikin kifayen duniya babu wanda ya kai shi girma. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 40, wasu har su wuce. Amma duk girman nan ba ya cin mutum. Sai ya buɗe bakinsa mai faɗi yana iyo, ruwa na shiga yana fita ta tsagogin da yake numfashi da su, shi kuwa yana tace 'yan ƙananan halittu da ƙwan kifi yana haɗiyewa. Bayansa baƙi-baƙi ne, da ɗigo-ɗigon fari birjik. Saboda haka mutanen Madagaska suke kiransa marokintana, watau mai taurari da yawa. Mu ma bari mu ara, mu kira shi mai taurari.

Lafiyarsa ita ta jawo masa. Da yake ya kan taso sama yana iyo a hankali, masunta na sukarsa da mashi don namansa da fiffikensa da man hantarsa. Manyan jirage kuma na bankarsa, wani sa'i ya faɗa cikin tarun da aka kafa wa wasu kifaye. Ga shi ba ya haihuwa sai ya shekara wajen 25 ko fiye, saboda haka in an kashe babba, a daɗe ba a sami madadinsa ba. Ƙasar Filifin ta hana kamunsa a 1998, Indiya ta bi a 2001. A 2016 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari, don an kimanta yawansa ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 75.

Amma kafa doka daban, sanin ko ta yi amfani daban. Sai an iya ƙidaya. In ka ga kifi goma a wata guda, ina ka san ko goma ne, ko kuwa guda ɗaya ne ka gani sau goma?

A yammacin Ostareliya akwai wani gaɓar teku mai duwatsun murjani, ana kiransa Ningaloo, inda kifayen nan ke taruwa kowace shekara daga wajen watan Maris zuwa Yuli. Wani masani mai suna Brad Norman ya daɗe yana ɗaukar hotunansu a can. Ya lura ɗigon kowane kifi dabam yake da na ɗan'uwansa, kamar zanen babban yatsan mutum. Sai dai da hotuna suka yi yawa, gwada su da ido ya gagara.

Daga sama maganin ya zo. Tun 1986 wani malamin jami'ar Princeton a Amurka, Edward Groth, ya tsara hanyar gane taurari a cikin hotunan sararin sama. Sai wani gwanin kwamfuta, Jason Holmberg, da wani masanin taurari, Zaven Arzoumanian, suka gyara hanyar don ta dace da fatar kifi. Su uku da Norman suka bayyana aikin a 2005.

Ga yadda abin yake. Ka ɗauki ɗigo uku ka haɗa su da layi, ka sami siffa mai kusurwa uku. Ko an ɗauki hoton daga kusa, ko daga nesa, kusurwoyin nan ba su sakewa. Kwamfuta sai ta zana irin waɗannan siffofi masu ɗimbin yawa a kan sabon hoto, ta gwada da na hotunan da ke ajiye, ta fito da waɗanda suka fi kama. Sa'an nan mutum ya duba da idonsa ya tabbatar.

A nan ne 'yan sa kai suka shigo. Masana kaɗan ne, teku kuwa faɗi gare ta. Saboda haka duk wanda ya gamu da kifin, mai yawon buɗe ido ne ko mai tuƙa kwalekwale, ana roƙonsa ya ɗauki hoton gefen hagu, bayan tsagogin numfashi, ya aika tare da rana da wuri. Ana gargaɗinsa kada ya taɓa kifin, kada kuma ya tare masa hanya. Da haka aka tara sanin kifaye dubbai, kowane da lambarsa.

Hotunan sun nuna akwai waɗanda suka yi shekara 20 suna komowa Ningaloo. Sun nuna yawancin masu zuwa bakin gaɓa samari ne maza, ko da yake a Bahar Maliya, kusa da garin Al Lith kudu da Jidda, maza da mata sun kusa zuwa daidai. Sun kuma nuna tabon farfelar jirgi a jikin da yawa, abin da ke ba hukuma hujjar tsara tafiyar jirage a matattararsu. Har kifin manta, mai faɗi kamar faifai, ana gane shi ta wannan dabara, sai dai shi tabonsa a ciki yake.

Mutumin da ya ɗauki hoto guda ya koma gida, watakila bayan shekara biyar a aiko masa da labari cewa an sake ganin kifinsa, yana nan da rai.