Sawun Gizago a Cikin Tsohon Kwalekwale

Masassaƙi ba ya rubuta sunansa a jikin aikinsa. Turmi ne, akushi ne, kwalekwale ne, da ya gama sai ya karɓi kuɗinsa ya kama wani gungumen. Shi ya sa duk wanda ya tarar da tsohon kwalekwale a kife a bakin dam ɗin Guzuguzu a ƙasar Kabo, ko na Pada a Gwarzo, kuma yake son sanin mai shi da shekarunsa, sai dai ya tambayi itacen.

Abu na farko a duba: gungume ɗaya aka fafe, ko katakai aka haɗa? Na katakai aikin kafinta ne, ga ƙusoshi, ga sawun zarton inji, ga kwalta an liƙe mahaɗa da ita. Irin wannan da wuya ya girmi ruwan da yake yawo a kai. Kogunan yammacin Kano na damina ne, da rani sai yashi. Madatsun ruwa ne suka kawo kamun kifi da fito na ko da yaushe, kuma aikin gina su ya kankama ne a zamanin Gwamna Audu Bako, na Challawa a Ƙaraye ma sai 1992 aka kammala shi.

Fafaffen shi ne mai labari. Tsohon masassaƙi ba ido yake fara sa masa ba, tafin hannu yake shafawa a cikinsa. Kowane sara na gizago yana barin ɗan rami daidai faɗin bakinsa, kuma idan bakin ya taɓa ɓantarewa, za ka ji siririn layi yana maimaituwa sara bayan sara. Inda saran ya karkata kan tona asirin bahago. Sannan ya kankari gefe da wuƙa: ja ne mai nauyi, to maɗaci ne. Ya dubi ƙirar goshi, domin kowane gida da yadda yake fiƙe nasa, ɗa kuma kan bi hannun ubansa ko bai sani ba. Idan gungumen ya fi ƙarfin itatuwan da suka rage a yankin, sai a yi zaton masunta baƙi ne suka zo da shi daga wajejen Yawuri ko Argungu.

Faci ma shaida ne, gwangwani a kan kwalta a kan tsumma, kowanne da lokacinsa. Sauran kuma yana bakin sarkin ruwa da dattawan masunta. Ba za su ce maka shekara kaza ba, cewa za su yi an saye shi ana sabon canjin kuɗi. Sai kai ka tambaya: na 1973 da aka bar fam da sule, ko na 1984?

Idan babu mai tunawa, aiki ya koma hannun masu binciken kufai. A 1987 wani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya kusa da Dufuna a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da itace a zurfin kamar mita 5. A 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci tono shi: kwalekwalen maɗaci, tsawonsa mita 8.4. Gwajin sinadarin kabon, wanda rabinsa ke zagwanyewa duk shekara 5,730 bayan itace ya mutu, ya ba shi kimanin shekara 8,000. Babu wanda ya girme shi a Afirka. Sunan masassaƙinsa ya tafi, amma yadda ya fiƙe goshi da baya ya nuna ba ɗan koyo ba ne, gado ya ci.

Sai dai gwajin nan shekarun itacen yake faɗa, ba ranar da aka sassaƙa shi ba, kuma yana rikicewa a kan itacen da aka sare tsakanin 1650 da 1950. Ga kwalekwalen Kabo ko Gwarzo, kuɗin aika ɓantarensa Jamus a gwada ma zai iya fin kuɗin jirgin duka.