Idon Wa Ke Kallo? Nazarin Sharhi kan Fina-finan Wariya a Unguwannin Gefen Birni na Amurka

A shekarar 2017 an fitar da fina-finai biyu a Amurka da suka taɓo batu guda, wato halin da baƙar fata ke shiga a tsakanin iyalan farar fata masu abin hannu da ke zaune a wajen birni, amma masu sharhin fina-finai suka yi musu karɓa mai nisan bambanci. Get Out na Jordan Peele, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 4.5, ya tara fiye da dala miliyan 250, kuma ya sa Peele ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar Oscar a fannin ƙagaggen labarin fim. Suburbicon na George Clooney kuwa, duk da fitowar taurari irin su Matt Damon da Julianne Moore, ya sha suka, bai kuma mayar da kuɗin da aka zuba masa ba.

Unguwannin gefen birni rukunin gidaje ne masu kama da juna da aka gina da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wasunsu, kamar Levittown, sun hana baƙar fata sayen gida, har aka kafa dokar daidaito a harkar gidaje a 1968. Daga nan Clooney ya ɗauko labarinsa, domin a watan Agustan 1957 William da Daisy Myers, ma'aurata baƙar fata, suka tare a Levittown ta jihar Pennsylvania, inda gungun mutane suka riƙa taruwa a ƙofar gidansu suna jifa da tsoratarwa. Sai dai an gwama wannan tarihi da wani tsohon rubutu na masu shirya fim 'yan'uwan Coen kan kisan kai a cikin iyalin farar fata, lamarin da ya sa iyalin baƙar fatar suka koma gefe, da ƙyar ake jin bakinsu. A nan mafi yawan sukar ta tattaru. Peele kuwa ya sa mai kallo ya ga komai ta idon Chris, saurayin da Daniel Kaluuya ya fito a matsayinsa, ta yadda fara'ar iyayen budurwarsa farar fata ita kanta ta zama abin tsoro.

Babban dalilin wannan bambancin karɓa shi ne sauyin ma'auni, domin bayan ƙorafin da aka yi a 2015 da 2016 cewa duk 'yan wasan da aka zaɓa takarar Oscar farar fata ne, masu sharhi sun daina gamsuwa da kyakkyawar niyyar darakta, suka koma tambayar wanda aka ba wa murya a labarin.

Sakamakon ya zo da fuska biyu. Kamfanoni sun gane cewa irin wannan labari na kawo riba, sai ƙofa ta buɗe wa daraktoci baƙar fata, amma kwaikwayo ya biyo baya, har shiri mai dogon zango Them na 2021, wanda ya bi wani iyalin baƙar fata da suka koma unguwar Compton a 1953, ya sha zargin cika baje kolin azabar baƙar fata. Abin da sharhin ya kafa shi ne cewa fim kan wariya yana samun daraja ne idan ya nuna waɗanda aka zalunta a matsayin mutane masu tunani, buri da zaɓi na kansu.