Sayen Gida: Ciniki Yini Guda, Takarda Sai An Yi Haƙuri

Da zarar an gama girbi an sayar da riɗi da gyaɗa, maganar da ta fi yawa a bakin majami'a bayan sujada ita ce ta sayen fili ko gida. Tambayar da ake yi mini kuwa kusan guda ce: Malam, in na biya kuɗi yau, yaushe gidan zai zama nawa a gaban hukuma? Amsata ba ta yi wa mutane daɗi, gama biyan kuɗi farkon tafiya ne kawai.

Wani ɗan ikkilisiyarmu a nan wajen Kwandiko ya tara kuɗin amfanin gona na shekara uku, ya sayi gida mai ɗaki huɗu. Ranar kasuwa aka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, dillali ya karɓi la'adarsa, kafin mako ya zagayo an cika kuɗi an rubuta 'yar takarda. Da damina ta matso sai ga ƙannen mai gidan su biyu sun dawo daga cirani, suka ce gidan na gado ne, ba a raba ba, wansu kuma ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Gaskiya suka faɗa. Shekara biyu aka yi ana kai da kawowa, daga ƙarshe ɗan'uwanmu ya karɓi kuɗinsa kaɗan-kaɗan, bayan darajarsu ta zube. Tambayar da zai yi cikin mako biyu ita ce ta ci masa shekara biyu.

Don haka kashi na fari na wannan aiki yana hannun mai saye, kuma nan ne bai kamata a yi gaggawa ba. A je wurin mai unguwa da dagaci a ji asalin wurin. A tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa, inda iyaka ta tsaya. In gidan gado ne, a nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuwa dukan magada su zauna su sa hannu, har da mata da waɗanda ke nesa. A bincika ko an taɓa jinginar da shi. Wannan duka yakan ɗauki mako biyu zuwa wata guda, ya fi haka in sai an jira wani ya zo daga Legas ko Fatakwal. In mai sayarwa ya matsa cewa lalle a gama yau domin akwai wani mai so, ni dai shawarata a bar masa abinsa.

Kashi na biyu shi ne na hukuma, wanda yawancinmu ba mu san da shi ba. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗanka dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Mu a Arewa abin bai zo mana baƙo ƙwarai ba, gama dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta bi wannan hanya. Ma'anarta ita ce, abin da mutum ke saye ikon zama ne da amfani da wurin, tare da ginin da ke kansa. A wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ne ke ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da takarda, wato mu nan sai mu nufi sakateriyar Gwaram ko ta Birnin Kudu, gwargwadon inda wurin ya faɗa.

Sashe na 22 na dokar ya ce wanda ke riƙe da takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan filin karkara, inda ake neman amincewar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. Kada wani ya ɗauka wasa ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, ta rushe jinginar gida a Legas domin ba a nemi amincewar gwamna ba. In banki mai lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga manomi mai takardar da aka rubuta a gindin bishiya?

Ga yadda tafiyar take ga gida mai takardar gwamna. Za a duba fayil a ma'aikatar ƙasa a Dutse, a tabbatar sunan mai sayarwa ne a ciki, babu kuma bashin harajin fili. A lura, Jigawa sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire ta daga Kano, saboda haka tsofaffin takardu suna ɗauke da sunan Jihar Kano, neman asalinsu kuwa yakan ƙara kwanaki. Sa'an nan lauya ya rubuta yarjejeniya, ma'aikata su zo su ƙiyasta darajar gidan, a biya kuɗin kan sarki da na rajista, fayil ya bi tebur-tebur har ya kai ga sa hannu. In wurin bai taɓa samun takarda ba, sai an kawo safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka tukuna. Rahoton Bankin Duniya na 2020, wanda aka auna a Legas da Kano, ya nuna canja sunan mai gida a Nijeriya yana cin kimanin wata uku, wannan fa in takardu sun cika kuma ana bin sawu kullum. Mutumin ƙauye da ba ya iya zuwa Dutse sai ya bar gona ya biya mota, ya shirya wa wata shida zuwa shekara, kada ransa ya ɓaci. Kowane kuɗi ya biya ya karɓi rasit, kada kuma ya ba da cin hanci don a hanzarta.

Wasu sukan ce neman takarda rashin yarda ne da ɗan'uwa. Ban yarda da wannan ba. A Farawa sura 23, Ibrahim ya ƙi karɓar kogon Makfela kyauta, ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa a gaban mutanen gari. A Irmiya sura 32, annabi ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan kawunsa a kan shekel 17, duk da haka ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa Baruk ya adana ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe.

Wannan ya shafi dattawan ikkilisiya ma. Filayen majami'u da yawa a ƙauyukanmu kyauta ce ta baki daga kakanni, wasu kuma an rubuta su da sunan fasto ko mai bishara da ya riga ya tashi ko ya rasu. Daidai shi ne a rubuta su da sunan amintattun ikkilisiya masu rajista, tun waɗanda suka ga bayarwar suna da rai. A taron dattawanmu na watan jiya mun ƙidaya waɗanda suka shaida bayar da filin majami'armu, muka tarar saura mutum biyu, ɗayansu kuwa ba ya iya fita daga ɗaki. Mun sa ranar da za mu je wurinsa tare da dagaci da marubuci.