Me Ya Sa Katun Ɗin Japan Ke Raba Kan Matasa Da Manya?

Gabatarwa

A gidaje da yawa a yau, za ka tarar da matashi ya duƙufa kan waya yana kallon katun ɗin Japan da ake kira anime, iyayensa kuwa suna ganin ya girma bai bar wasan yara ba. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana tushen wannan saɓani. A fahimtata, abin da kowane ɓangare yake nufi da kalmar katun daban yake.

Dalilan Saɓanin

Da farko, manyanmu sun tashi ne da irin su Tom and Jerry, waɗanda ake nuna wa yara don dariya. A Japan ba haka abin yake ba. Anime da yawa daga littattafan labarin zane ake ɗauko su, wato manga, kuma mujallun da ke buga su an kasa su bisa shekarun mai karatu da jinsinsa. Akwai shonen na samari, da shojo na 'yan mata, da seinen na manyan maza, da josei na manyan mata. Ke nan a can zane hanya ce ta ba da labari kawai, kamar rubutu.

Na biyu, abin da ya iso wa manya a da, tacacce ne. Waɗanda suka kalli Voltron a talabijin a Nijeriya, da yawa ba su san cewa asalinsa shirin Japan ne mai suna GoLion na 1981 ba. Amurkawa ne suka yanke wuraren jini da kisa, suka fito da shi a 1984. Matashin yau kuwa ta intanet yake samun shiri cikakke. Idan uba ya leƙa ya ga ana sare kai a cikin katun, dole hankalinsa ya tashi.

Na uku shi ne tsawon labari. An fara buga One Piece a 1997, shirinsa na talabijin kuma ya fara a 1999, ya haura kashi 1,000. Ɗalibi na iya samun lokacin bin sa, amma magidanci mai fafutukar cefane fa?

Sai dai a Japan ɗin kanta, akwai shirye-shiryen da ke haɗa kaka da jika. Sazae-san, labarin wani iyali, tun 1969 ake nuna shi ranar Lahadi da yamma. Haka kuma fim ɗin Hotaru no Haka na Isao Takahata, na 1988, labarin wa da ƙanwarsa ne da yunwa ta kashe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan babba ne zai fi fahimtarsa.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, haɗarin da nake hange biyu ne. Uban da ya ɗauka duk katun na yara ne zai iya miƙa wa ɗan shekara 7 abin da aka yi don ɗan shekara 20. Wanda ya haramta shi gaba ɗaya kuma, ya toshe ƙofar hira tsakaninsa da ɗansa. Shawarata ita ce iyaye su riƙa tambayar wa aka yi wa shirin, matasa kuma su yi bayani cikin ladabi. Ai Bahaushe ya ce, matambayi ba ya ɓata.